Bayani kan "Tahiyar Ƙasa": Sharhin Warƙa ta Shida zuwa ta Tara

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun iso warƙa ta shida ta wannan rubutu na kakana, Allah Ya jiƙansa, inda ya ajiye maganar farillan Hajji da sunnoninsa ya shiga labarin hanya. Tun da na fara karantar da waɗannan warƙoƙi a zaurenmu na Tasawa, duk shekara idan muka zo nan sai wani ɗalibi ya tambaye ni: "Allah gafarta Malam, mutumin da ba shi da abin hawa, ba shi da guzurin wata guda, Hajji ya wajaba a kansa ne, ko kuwa jefa kai ya yi cikin halaka?" Yabon magabata ba ya amsa wannan tambaya. Sai an duba abin da littafi ya ce, a kuma duba abin da hanya ta yi wa jikinsu da iyalinsu. Shi ya sa na tsawaita wannan bayani fiye da sauran.

Faɗarsa "tahiyar ƙasa": ya rubuta ta da ha kuri maimakon fa guje, yadda muke furtawa a ƙasar Tasawa da Mayahi, kuma na bar ta haka duk inda ta zo, tare da "ƙahwa" da "munka". Abin da yake nufi shi ne zuwa Makka da ƙafa ta gabas, zango bayan zango, har bakin Bahar Maliya.

Fasali kan hanya

Ka sani, ya kai ɗalibi, hanyar mutanen dā ta arewa ce: Agadas, Gat, Murzuk, sannan Masar, a bi ayarin Masarawa. Wannan hanyar mai raƙumi ce da mai dukiya, don Sahara ba ta da gonar da za a yi ƙodago. Ta gabas kuwa tana bin ƙasar gero daga farko har kusan ƙarshe, kuma ita talaka ya iya bi. Ta ƙara cika da mutane bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Kakana ya tashi daga wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Kanambakashe, shi da ƙanensa da wasu mutum tara. Zangunan da ya lissafa su ne Tasawa, Maijirgi, Takeita, Damagaram, Mirya, Gidimuni, Gure, sai ƙasar Barno. Suka haye kogin Shari daga Kusuri zuwa birnin da Faransawa suka kafa a 1900, wanda yau ake kira Njamena. Daga nan Ati, Abeshe ta ƙasar Wadai, Junaina da Fashir na Darfur, Nuhud da Ubayyid na Kurdufan, Kosti, Sinnar, Wad Madani, har Sawakin. Ko a miƙe aka auna, daga Tasawa zuwa Sawakin ya haura kilomita 3,000. Ya ambaci audugar Jazira da magudanan ruwanta, wannan ya nuna ya isa can bayan 1925, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Tafi da dawowa shekara bakwai suka ci masa.

Mas'alar iko

Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin Hajji a kan samun iko. Shafi'awa da Hanbalawa sun fassara ikon da guzuri da abin hawa ga wanda ke nesa. Mazhabarmu ta Malikiyya ta fassara shi da yiwuwar isa ba tare da wahala mai tsanani wadda ta fita daga al'ada ba, tare da aminci a kan rai da dukiya. Wanda ya karanta Risala ya ga Ibnu Abi Zaid ya ambaci hanya mai biyuwa, da abin da zai kai mutum, da ƙarfin isa a haye ko a ƙasa, da lafiyar jiki. Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara fayyacewa cewa mai sana'ar da za ta riƙe shi a hanya, wanda kuma zai iya tafiya, Hajji ya hau kansa ko ba guzuri ko ba abin hawa. Game da komowa, an lura ne da abin da zai mayar da shi wuri mafi kusa da zai iya rayuwa, idan yana tsoron tozarta a Makka. Riƙe wannan jumla ta ƙarshe, za mu koma kanta.

Saboda haka malaman da suka fita da sanda da gafaka sun san abin da suka karanta. Kuma ba su ɗauki tafiya da ƙafa ta fi hawa falala ba, don abin da ya shahara a mazhaba shi ne hawa ya fi, tun da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan taguwarsa ya yi Hajjin bankwana. Kakana ya faɗi haka da kansa a gefen warƙa ta shida: "Da mun samu jaki da mun hau." Sun dai sami sanyin zuciya da aya ta 27 ta Suratul Hajji, inda aka ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan ramammun raƙuma.

Fasali kan jiki

Faɗarsa "kwana goma na hwarko ƙahwa ka kuka, bayan nan ta yi shiru": wannan na ɗanɗana kaɗan daga cikinsa ina gardi, lokacin da muka taka daga Tasawa zuwa Damagaram cikin kwana huɗu. Rana ta biyu ita ce mai wuya. Bororo ya fito inda maɗaurin takalmi ke gogawa, ƙwauri ya ɗaure, idan ka zauna hutawa tashi ya zama aiki. Ƙarangiya ta cika bakin wando, tsidau ya jira wanda ya tuɓe takalmi. Mu a kwana na huɗu muka sauka. Su kuwa suka ci gaba har bororon ya fashe ya warke ya zama kanta, dunduniya ta yi faso. Maganin faso a wurinsu man shanu ne ko kitse a narka a ɗiga cikin tsagar, a ɗaure da tsumma a kwana. Wanda ya raina faso yakan wayi gari yana ɗingishi, kuma mai ɗingishi guda yana rage wa ayari duka tafiya.

Kayan mutum guda ga su kamar yadda ya jera: gafaka da Alƙur'ani, allo ƙarami, buzu, buta, salka, sanda, gammo, wuƙa, allura, da likkafani. Guzuri kuwa gumba ce da garin gero da ƙuli-ƙuli da ƴar tsamiya da kanwa. Ya ce kafin su kai Gure kowa ya sayar ko ya ba da rabin abin da ya ɗauko, don abin da ba shi da nauyi a ƙofar gida yana da nauyi a wuya bayan kwana ashirin. Likkafani kaɗai ba wanda ya rabu da nasa.

Ana fita bayan kaka, cikin ɗari, lokacin da hatsi ke da araha, tabkuna kuma ba su ƙafe ba. A tashi bayan Asuba a yi tafiya har hantsi ya yi zafi, a sauka inuwa, a sake ɗaura kaya bayan Azahar. Da bazara sai a juya, a bi farin wata da dare a kwanta da rana. Damina kuwa ba tafiya, musamman a baƙar lakar kudancin tabkin Cadi, wadda ke riƙe ƙafar mutum da ta jaki. Duk inda ruwan farko ya same su, nan za su nemi gona.

Ruwa shi ne babin da ya fi tsawo a warƙa ta bakwai. A yammacin Kurdufan, wajen Nuhud, ya ga mutane suna rarake cikin kuka su cika ta da ruwan damina, su riƙa sayarwa da rani, ya ga kuma ƙauyukan da kankana ce ruwan shansu da na dabbobinsu. A nan hukuncin taimama ya tashi daga karatu ya zama aikin kullum. Mai ruwan da bai wuce na sha ba taimama zai yi, haka wanda ke tsoron ƙishin abokin tafiyarsa ko na dabbarsa. Ya ba da labarin wani dattijo a cikinsu da ya nace sai ya yi alwala da ruwan salka, har madugu ya hana shi, ya ce masa: "Baba, ruwan nan na mutum goma sha ɗaya ne." Haka kuma ƙasaru: suna yin ta muddin suna tafe, amma da sun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai su cika salla. Wanda ya zauna noman damina guda a Wadai mazauni ne a hukunci, ko da zuciyarsa tana hanya.

Daga ruwan tabki kurkunu ke shiga mutum, ba ya fitowa sai bayan kamar shekara, galibi a ƙafa. Ƴan yanzu ba su san shi ba, don tun 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi. Ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana yi, idan ya tsinke ƙafa ta kumbura. Shi ya kwantar da kakana wata biyu a Abeshe. Ban da shi akwai zazzaɓi da atuni da agana. Mutum uku cikin sha ɗayan nan a hanya aka binne su, kuma ya rubuta sunan zangon kowane, ya roƙi mai karatu ya yi musu addu'a. Mu ma muna roƙon haka.

Fasali kan abokan tafiya

Faɗarsa "munka aza wa ɗayanmu girma": yana nufin sun naɗa shugaba, bisa umarnin da ya zo a hadisi cewa mutum uku idan sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Abin lura shi ne ba mafi karatu suka zaɓa ba. Wani tsohon falke suka ba, wanda ya taɓa kai fatauci Barno, yana jin Barbarci, ya san yadda ake gaida mai gari da yadda ake cinikin fito. Kakana shi ke limanci, amma batun inda za a kwana da rabon ruwa na madugu ne, kuma ya ce bai taɓa jayayya da shi a gaban jama'a ba.

Hanya tana tone hali. Ya ambaci wanda ke ɓoye gumba ya ci da dare, da wanda kullum kayansa ke ƙaruwa a kan jakin wani idan sun haɗu da fatake. Ya ambaci kuma wani saurayi maras magana, wanda ya goya maras lafiya zango biyu bai ce uffan ba. A gida ɗan malam da ɗan maƙeri ba sa cin tuwo a akushi guda, a hanya kuwa akushin guda ne tak. Idan aka yi faɗa ba inda mai fushi zai tafi, dole gobe ya bi sawun wanda ya zaga. Saboda haka suka sa ƙa'ida, ba a kwana da magana, bayan Lisha madugu zai zaunar da masu rigima.

Akwai mata a manyan ayarin da suka riska a gaba, wasu da goyo. Littattafanmu sun sassauta wa mace game da tafiyar ƙasa mai nisa, sun kuma shardanta mata miji ko muharrami, ko amintacciyar tawaga a Hajjin farilla. Duk da haka da yawa sun bi mazajensu, suka haihu a Wadai, suka yaye a Darfur. Ya ce su ke fara tashi su ke ƙarshen kwanciya, don daka da girki ba su san an yi tafiya ba.

Fasali kan sana'a da baƙunta

Sana'ar kakana bayan karatu ita ce ta mutanen Gulbin Kaba: saƙar tabarma da tufkar igiya. Allah Ya sa goriba ba ta rabu da su ba tun daga gida har ƙasar Sudan, saboda haka duk inda ya sauka akwai kaba, akwai mai bukatar igiyar guga. Wannan ita ce sana'a mai riƙe mutum da Shaihu Halil ya nufa. Wasu wanzanci suka yi, wasu ɗinkin hula, wasu sayar da ruwa, wasu koyar da yara da rubutun sha. A Kurdufan suka ɗebi ƙaro a jikin ɗakwara, a Jazira suka ciri auduga. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Ubayyid tun 1912, amma sai mai kuɗin shiga, don haka suka taka har Wad Madani, suka yi shekara biyu suna tara abin haye teku. Game da bara, malamai sun yi saɓani kan wanda ita ce al'adarsa tun a gida. Wanda ba al'adarsa ba ce kuwa, Hajji bai wajaba a kansa da ita ba, kuma kakana ya ƙi ta ƙwarai.

Baƙunta tana da nata ciwo. Ya ce ya shiga kasuwar Abeshe da Larabcin Risala, masu sayar da hatsi suka yi ta dariya, sai da ya koyi na kasuwa kamar yaro. A Sudan aka kira su Fallata, a Hijaz Takari, ba mai tambayar ko kai ɗan wane ne a garinku. Abin da ya sauƙaƙa shi ne kusan kowane babban gari yana da unguwar mutanenmu da mai masaukinta, wanda zai nuna maka mai gonar da ke biya da wanda ke cin gumin baƙo, ya karɓi ajiya, ya riƙe saƙo har mai komawa yamma ya zo. Su ne kuma ke gargaɗi a kan yara, don an sha sace ƴaƴan matafiya ko a yaudare su a sayar a ƙetaren teku. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a dokarta.

A Sawakin hukumar Ingilishi tana tsare mahajjata a yi musu lamba, a duba takardunsu. Wanda ba shi da kuɗin wannan yakan bi masu ƙananan jiragen iska a ɓoye da dare, wasu su gangara har Musawwa. Anan akwai fa'ida ga mai karatun Manasik: malamanmu, daga abin da aka ciro na Shaihu Sanad, sun yi rangwame ga mai haye tekun ta wannan gefe ya jinkirta harama har ya taka tudu, don iska tana iya komar da jirgi ya daɗe cikin harami. A Jidda kakana ya ɗaura, ya taka kwana biyu zuwa Makka, suka kwana Bahra. Abin da ya rubuta kan ganin Ka'aba layi guda ne: "Na ga Ɗaki, ban iya cewa komi ba, ƙanena ya riƙe ni."

Fasali kan waɗanda aka bari

Yanzu mu koma kan jumlar da na ce ka riƙe. Tun da fiƙihu bai shardanta guzurin komowa har gida ba, da yawa sun haye sun komo Sudan hannu wofi, suka ce sai an tara, shekara ta bi shekara. Wasu ma ba su haye ba, suna nan da niyya har jikoki. Ƙanen kakana yana cikin na farko. Ya sami gona a Jazira, ya yi aure, ranar da aka ɗaura kayan komawa ya ce: "Yaya, ka yi gaba, ina nan tafe baɗi." Kakana ya san ba zai zo ba. Ya zaunar da shi, ya tuna masa da matar da ya bari a bakin Gulbin Kaba da ɗiya a goye, ya ce ko dai ya taho ko ya sauwaƙe mata. A warƙa ta tara ya rubuta: "Na komo da takarda guda wadda ta hi kayana duka nauyi."

Na riski wannan mata da tsufanta, muna ce mata Inna. Shekara bakwai ta yi tana noma gayaunarta, tana saƙar tabarma ta kai kasuwar Mayahi, duk baƙon da aka ce ya fito gabas sai ta aika a tambaye shi. Shari'a ta ba ta ƙofa: matar wanda labarinsa ya yanke tana kai ƙara ga alƙali, a bincika, a sa mata shekara huɗu sannan ta yi takaba, idan kuma ba abin ciyarwa tana iya neman saki tun kafin nan. Ba ta kai ba, don kunya da gudun a ce ta kai ƙarar mai niyyar Makka. Ranar da gari ya fita tarbar Alhaji da kabbara, ita ranar aka karanta mata takardarta. Ban taɓa jin ta zagi mijin ba, amma idan muna yara muna yabon masu tahiyar ƙasa takan ce: "Ku tambayi wanda ya riƙe gida."

Amsa

To, ya kai mai tambaya, ga abin da na fahimta. Wanda ya fita da lafiya da sana'a, cikin tawaga, a lokacin da hanya ke biyuwa, ya bar wa iyalinsa abin da ba za su halaka ba, ya yi aiki da mazhabarsa, kuma wahalar da ya sha irin wadda manomi da falke na zamaninsa suka saba ce, an dai tsawaita ta. Wanda ya fita ya bar haƙƙin mace a rataye, Hajjinsa ya inganta idan ya cika rukunansa, amma haƙƙin yana nan a wuyansa, don Hajji ba ya kankare haƙƙin bayi. Kakana ya ga duka biyun a gida guda, shi ya sa ya rubuta na biyun bai ɓoye ba ko da ƙanensa ne.

Kada kuma wani gardi ya karanta wannan ya ce zai ɗauki sanda gobe. Sharaɗin aminci a kan rai da dukiya ba ya nan a wannan hanya yau: yankin tabkin Cadi ba lafiya, Sudan kuma tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023, kuma garuruwan da ya lissafa, Junaina da Fashir, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A can akwai zuriyar waɗanda suka tsaya a hanya, ƴan'uwanmu na jini, ku sa su a addu'a. Ga kuma iyakoki da takardu da ba a wucewa sai da su. Wanda bai sami iko ba a yau, Hajji bai hau kansa ba, ba shi da laifi, ya riƙe niyyarsa ya ciyar da iyalinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka isa, da waɗanda aka binne a zango, da waɗanda suka yi jira a gida. Allah ne Mafi sani. Sai warƙa ta goma, inda ya koma kan hukuncin tsayuwar Arfa.